Agogo Sarkin Aiki: Tunani a kan Hikimar da ke Cikin Tsohon Agogon Hannu

 

Abin da muke nufin yin tunani a kansa ƙaramin abu ne ƙwarai, wanda da yawa daga cikinmu suka daina ɗaga ido su dube shi tun da wayar hannu ta shigo ta karɓe masa aiki. Muna nufin tsohon agogon hannu, irin wanda ba ya cin batir, wanda ake yi wa wani da yatsu biyu kowace safiya, ko kuwa wanda motsin hannun mai shi kaɗai ya ishe shi. A Tungar Guru da sauran ƙauyukan ƙasar Bukkuyum, haka nan a ƙasar Anka da ta Gummi, har yanzu akan ga irinsa a wuyan hannun dattijo, gilashinsa ya dushe, maɗaurinsa ya koɗe, amma yana nan yana tafiya. Wasu kuma suna kwance a ƙasan adaka tare da takardun gona da tsohon fasfon aikin hajji. Da yawansu ta hanyar Makka suka iso mana, cikin tsarabar alhazai, gefen dabino da zamzam da tasbaha, da sunayen Seiko da Citizen da Orient da Rado da Oris da West End a fuskokinsu. Hausawa suka yi masa kirari da sarkin aiki, kuma duk wanda ya taɓa ganin an buɗe bayansa ya san kirarin bai zarce gaskiya ba.

Ya kamata mu fara da yi wa magabatanmu adalci, domin ba a cikin jahiltar lokaci agogo ya tarar da su ba. Sun raba yini gida-gida, sun ba kowane gida sunansa, tun daga asuba da hantsi da walaha har zuwa la'asar sakaliya da almuru. Ladan yakan tsaya a fili ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, ya san rana ta karkata, ya san lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali, kamar yadda ake karantarwa a zaure cikin Ahalari da Iziyya da Risala. Mai azumi yana duban Gamzaki, manomi yana lissafin taurarin damina, matafiyi yana sanin tsawon daren da ya rage masa da tsayuwar Kaza da 'ya'yanta. Malamanmu kuma sun zurfafa fiye da haka. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya shahara da ilimin lissafi da na taurari har a Alƙahira, inda ya rasu a shekarar 1741. Kuma lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, sai ya tarar Sarki ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Dalilin wannan himma a fili yake: al'ummar da aka ɗora wa salla biyar a lokuta ƙayyadaddu, aka ɗora mata azumi mai farawa da alfijir ya ƙare da faɗuwar rana, ba ta da damar yin sakaci da lokaci.

Wannan larura ita ta haifi ilimin miƙati a ƙasashen Musulmi, har manyan masallatai suka riƙa ajiye malami na musamman wanda ba shi da aiki sai tsare lokutan ibada. Tarihin Turawa da kansa ya adana labarin agogon ruwa da Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Sharlaman a shekarar 807. Al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, cike da zanen agogunan ruwa masu ban mamaki. Ibn Shaɗir, mai tsaron lokaci a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, ya kafa agogon inuwarsa a hasumiyar masallacin wajen 1371, Taƙiyyuddin kuma ya rubuta littafi a kan agogunan ƙarfe a 1559, kafin ya jagoranci ɗakin duban taurari na Santambul. Sai dai agogon ruwa da na nauyi mai rataye duk suna da aibi ɗaya, wato ba a ɗaukar su a yi tafiya da su. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya sami ƙarfin da za a iya naɗewa a ɓoye a ƙaramin wuri, da ma'aunin da girgiza ba ta ruɗa shi.

Allah cikin hikimarsa bai ba mutum ɗaya wannan buɗi ba, bai kuma ba ƙasa ɗaya ba. Ya rarraba shi tsakanin al'ummomi da ƙarnuka, domin kada wani ya yi alfahari da cewa shi ya zo da shi gaba ɗaya. A ƙarni na 15 maƙeran Turai suka fara naɗe siririn ƙarfe su mai da shi ma'ajin ƙarfi, kuma wajen 1510 Peter Henlein na birnin Nuremberg a Jamus ya yi suna da ƙananan agogunan da ake ɗauka a jiki. Waɗannan na farko hannu ɗaya gare su, na awa, domin kuskurensu a yini ya yi yawan da nuna minti ba shi da amfani. Sai a 1675 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya haɗa zoben ma'auni da wani sifirin mai sirantar gashi, kuma daga ranar agogon aljihu ya tashi daga abin ado ya zama abin dogaro. A 1704 Nicolas Fatio da abokan aikinsa suka sami lasisi a Landan na huda yaƙutu domin ya zama mazaunin sandunan da ke juyawa. Wajen 1755 Thomas Mudge na Ingila ya ƙirƙiro irin linzamin, wato ɓangaren da ke riƙe gudun agogo, wanda kusan kowane agogon hannu marar batir ke aiki da jikansa a yau. A 1902 Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana hanyar narka sinadari a fitar da yaƙutu a masana'anta, sai dutsen da a da sarakuna kaɗai ke mallaka ya shiga agogon talaka.

Hawansa wuyan hannu kuwa labari ne gajere. Abraham-Louis Breguet ya ƙera wa sarauniyar Naples agogon hannu wanda ya kammala a 1812, kuma har tsawon ƙarni guda ana kallon abin a matsayin kayan adon mata. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, shi ya sauya wannan, domin soja a cikin rami ba shi da hannun laluben aljihu. A 1923 John Harwood ya fito da agogon hannu mai yi wa kansa wani, a 1931 kamfanin Rolex ya kyautata dabarar da wani nauyi mai kewayawa gaba ɗaya, a 1934 aka fito da Incabloc mai kare sandar ma'auni idan agogo ya faɗi, a 1963 kuma Seiko 5 ya fito daga Japan da arha da juriyar da suka kai shi hannun manomi da direba da malamin makaranta. A daidai wannan zamani ne lokacin agogo ya shiga rayuwarmu, da jirgin ƙasa wanda ya iso Kano a 1911 ya kuma kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, da makarantar boko da kotu da asibiti, sannan da rediyo, inda sashen Hausa na BBC, tun daga 1957, ya saba wa kunnuwanmu da jin ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, mai agogo kuwa ya ja maɓallin gefe ya daidaita nasa.

To, yanzu sai mu nemi mai gyara ya buɗe mana bayan agogon, mu sa madubinsa na ido ɗaya, mu duba da natsuwa, domin a nan abin mamakin yake.

Abin da za mu fara gani shi ne wani ɗan gwangwani mai haƙora a gefensa, a cikinsa kuma babban sifirin yake kwance, wato doguwar tsiri ta ƙarfe naɗaɗɗiya. Idan mai agogo ya murza maɓallin gefe, wannan tsiri yake ƙara naɗewa, sai ɗan ƙarfin da ya fita daga yatsunsa ya shiga ƙarfen ya zauna. Agogo ba shi da wani ƙarfi nasa na kansa, duk abin da yake tafiya da shi aro ne daga mai shi, kuma a mafi yawan tsofaffin aguguna aron ba ya wuce na awa 40 ko kusa da haka. A mai yi wa kansa wani ma haka abin yake, sai dai wani rabin faifai mai nauyi ne ke lilo a bayansa duk lokacin da hannu ya motsa, yana tara ƙarfin alwala da noma da musabaha ba tare da mai hannun ya sani ba. Daga gwangwanin sai ƙarfi ya bi ta jerin faya-fayai masu haƙora, kowane babba yana tura ƙarami, kowane na gaba yana gudu fiye da na bayansa. An ƙidaya haƙoransu da lissafin da ba ya karɓar kuskure, ta yadda faifan tsakiya zai kewaya sau ɗaya a awa ya ɗauki dogon hannu, na huɗu ya kewaya sau 60 a wannan awar ya ɗauki hannun sakan, wasu ƙanana kuma a ƙarƙashin fuska su rage gudun kashi 12 domin gajeren hannu. Da haƙori ɗaya zai ƙaru ko ya ragu a ɗayansu, da agogon duka ya zama maƙaryaci.

Amma duk wannan bai zama agogo ba tukuna. Da za a bar sifirin da faya-fayan su kaɗai, da ƙarfin da aka tara domin kwana biyu ya zube cikin 'yan sakanni, hannaye su yi ta wulwulawa ba ma'ana, sannan komai ya tsaya cik. Abin da ya mai da wannan tarin ƙarfe ma'aunin lokaci shi ne ɓangaren da muka kira linzami, kuma kamar yadda ingarman doki ba ya kai mahayinsa gari sai da linzami a bakinsa, haka ƙarfin sifirin ba ya zama sa'o'i da mintoci sai an riƙe shi. A ƙarshen jerin akwai faifai mai haƙora karkatattu, galibi 15, a gabansa kuma wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, kowane baki da ƙwayar yaƙutu. Baki ɗaya ya tare haƙori, tafiya ta tsaya. Zoben ma'auni ya juyo ya taɓa wutsiyar ƙarfen, bakin ya saki, haƙori ya zame, a cikin zamewarsa ya ba zoben ɗan turi kaɗan domin kada lilonsa ya mutu, nan take ɗaya bakin ya tare wani haƙorin. Wannan ƙas-ƙas da muke ji idan muka kara agogo a kunne, ƙarar tarewa ce da saki. Ashe mafi yawan rayuwar waɗannan faya-fayai a tsaye suke yin ta, suna jiran izini, kuma tafiyar da muke gani a fuska an gina ta ne daga dubban tsayuwa.

Zoben ma'auni shi ne alƙalin da kowa ke jira. Yana juyawa dama, sifirin gashi ya dawo da shi, ya wuce hagu, sifirin ya sake dawo da shi. Sirrin da Allah ya ajiye a cikin wannan lilo, wanda Huygens ya gano bai kuwa halitta ba, shi ne cewa lokacin da zoben ke ɗauka ya je ya dawo kusan ɗaya ne, ko ya yi lilo mai faɗi da safe sa'ad da babban sifirin ke cike, ko ya yi gajere da dare sa'ad da ƙarfi ya ragu. Ba don wannan ɗabi'a da aka dasa a cikin ƙarfe tun ran da aka halicce shi ba, da babu gwanintar maƙerin da za ta fitar da agogo. A yawancin tsofaffin aguguna zoben yana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a sakan, sau 432,000 a yini, fiye da sau miliyan 157 a shekara. Agogon da alhaji ya ɗaura shekara 40 yana tafiya ya buga fiye da sau biliyan 6, a kan sandar da kaifin bakinta ya yi kusa da kaurin gashin kai, tana zaune cikin ramin yaƙutu da ɗigon mai wanda ido ba ya gani sai da madubi. Wannan shi ne ma'anar rubutun da ke fuskar agogo na duwatsu 17 ko 21: adadin wuraren da aka sa yaƙutu ne domin rage gogayya da cin ƙarfe. Kuma tun da yini yana da sakan 86,400, agogon da ya yi kuskuren sakan 10 a yini ya kuskure ɗaya ne kawai cikin 8,640. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da mutum abin da bai sani ba tun yana jariri, har ya kai ga wannan.

Idan muka tsaya a nan muka yi tunani, za mu ga aya a kan aya. Ƙarfen da aka yi sifirin da shi daga cikin ƙasa aka tono shi, kuma ya isa ɗaukaka a gare shi cewa akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansa, an kuma ba mu labarin yadda aka tausasa shi ga Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Wane ne ya sanya masa ɗabi'ar komawa yadda yake bayan an lanƙwasa shi, ya hana wa dalma da zinariya irin wannan ɗabi'a? Wane ne ya taurara yaƙutu har ƙarfe ya yi shekaru yana juyawa a kansa bai cinye shi ba? Maƙeri bai ƙara ko ƙwayar zarra a cikin halayen waɗannan abubuwa ba, iyakarsa ya karanta su, ya jera su, ya yi musu biyayya. Kuma babu mai hankalin da zai ga sassa fiye da ɗari sun haɗu a kan manufa ɗaya, kowane haƙori ya faɗa gurbin ɗan'uwansa, sannan ya ce iska ce ta tara su. To, ina ga zuciyar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin mai agogon, wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a yini? Agogo sai an tsayar da shi an warware shi kafin a wanke shi a sa masa mai, ita kuwa ana ciyar da ita, ana sabunta ta, ana gyara ta, duk tana cikin aiki, tun daga cikin mahaifa har ranar da aka rubuta mata.

Darasin linzami ma bai tsaya ga ƙarfe ba. Mun ga cewa amfanin ƙarfi yana cikin sakinsa da gwargwado, kuma haka Mai hikima yake saukar mana da arziki da ruwan sama da kwanakin rayuwa, kaɗan-kaɗan, kowane a lokacinsa. Da za a zubo wa ƙasar Zamfara ruwan damina guda a dare ɗaya, da halaka ce, da kuma za a miƙa wa matashi rabonsa na duniya duka a rana ɗaya, da kaɗan ne za su tsira da hankalinsu. Abin da muke kira jinkiri a cikin addu'o'inmu, sau da yawa shi ne riƙon da ke sa ni'ima ta kai mu ƙarshen tafiya. Haƙuri da taƙawa su ne masu yi wa ƙarfin ɗan Adam wannan aiki, su tare shi inda ya kamata ya tsaya, su sake shi inda ya kamata ya tafi.

Sai dai wajibi ne mu san iyakar agogo, domin bawa ne mai ƙirga, bai san rana ba, bai taɓa ganin alfijir ba. Agogon Najeriya yana gaba da na GMT da awa ɗaya, wato an ɗaura shi a kan layin digiri 15 na gabas, wanda ya ratsa ta wajen Injamena a ƙasar Chadi. Mu kuwa a ƙasar Bukkuyum muna wajen digiri 5 da rabi ne, kuma kowane digiri minti 4 ne na tafiyar rana. Saboda haka idan agogo ya nuna ƙarfe 12 na rana, a wurinmu rana ba ta kai tsaka ba tukuna, sai bayan kusan minti 38 a matsakaicin lissafi. Wannan ma yana motsawa da kusan rubu'in awa gaba ko baya a cikin shekara, ya matso a farkon Nuwamba, ya ja baya a Fabrairu, saboda karkatar duniya da yanayin kewayenta. Mutanen Maiduguri suna shan ruwa kusan rabin awa kafin mu, mutanen Kano kusan minti 12. Wanda ya ji kiran magariba a rediyo daga wani gari na gabas ya kai dabino baki, alhali rana tana kallonsa a Tungar Guru, ya ɓata azuminsa da hannunsa. Shari'a ta rataya ibada a kan alamomin da kowa ke iya gani a sama, makiyayi da malami, mai agogo da marar shi, kuma wannan rahama ce babba. Agogo mataimaki ne, ana gyara shi da rana, ba a gyara rana da shi.

A ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz, kuma cikin shekaru kaɗan duniyar aguguna ta juye. Ƙwayar da ke cikin agogon batir na yau tana karkarwa sau 32,768 a sakan, kuskuren da tsohon agogo ke yi a yini shi sai ya yi wata bai yi ba, ga shi kuma da arha. A Suwizalan ma'aikatan wannan sana'a sun kai kusan 90,000 a 1970, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba mu raina wannan sabuwar ni'ima ba, kuma wanda yake son daidaito tsantsa ya same shi a can. Amma muna ganin tsohon yana da falalar da ba ta tsufa. Ba ya neman batir, ba ya jiran caji, a ƙauyen da wutar lantarki baƙuwa ce kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk abin da ke cikinsa ido na iya gani, hankali na iya bi, hannu na iya gyarawa, har gwani yakan ciro sashe daga mataccen agogo ya raya wani da shi. An yi shi ne domin a gyara shi, shi ya sa yake wuce mai shi ya kai ga ɗa da jika. Kuma akwai tarbiyya a cikin buƙatarsa, domin wanda ya saba yi masa wani bayan sallar asuba yana fara yininsa da tuna cewa abin da aka ba shi ƙidayayye ne.

Mu da muke zaune a ƙasar zinariya, akwai abin lura a gare mu na musamman. Addininmu ya hana maza ado da zinariya, don haka agogon dattawanmu na farin ƙarfe ne, kuma ba su yi asarar komai ba, domin ko a aguguna masu tsada, zinariya galibi a riga take tsayawa. Taushinta ya sa ba ta dace da zama sifiri ko sanda ba, mafi yawan aikin baƙin ƙarfe da tagulla da yaƙutu ke yin sa. Akwai kuma gargaɗin da ba za mu ɓoye ba. Tun daga shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa shekarun 1960, ana shafa wa lambobi da hannayen aguguna da yawa fenti mai sinadarin radiyam domin su yi haske da dare. 'Yan matan da ke wannan shafe a masana'antun jihohin New Jersey da Illinois na Amurka suna gyara bakin burushi da leɓunansu, da yawansu suka kamu da ciwon ƙashi da na muƙamuƙi, wasu suka mutu da ƙuruciyarsu. Hasken fentin yakan mutu bayan shekaru, amma gubar tana nan, domin radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Mutanen Tungar Guru ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan ƙurar da ido ke rainawa. A shekarar 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta ɗauke yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Tungar Guru da 'Yargalma da Dareta da Abare, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomi suka shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Allah ya jiƙan waɗannan yara, ya sa su zama masu ceton iyayensu, ya kuma dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Don haka wanda ya gaji agogo mai daɗaɗɗen shekaru, lambobinsa sun yi ruwan ƙasa suna marmashewa, kada ya buɗe gilashinsa a cikin gida, kada ya hura shi da baki, kada ya ba yaro ya yi wasa da shi.

Sauran kulawarsa mai sauƙi ce. Maƙiyansa a ƙasarmu su ne ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta cakuɗe da mai ta riƙa cin ƙarfe, da ruwan alwala da gumin bazara masu kawo tsatsa, da maganaɗisun lasifikar rediyo da ta waya, wanda ke manne zagayen sifirin gashi har agogo ya riƙa gudu. Zafi ma yakan taɓa shi, ko da yake gaurayen ƙarfen da Charles Guillaume ya gano, wanda ya sami kyautar Nobel a kansa a 1920, ya rage wannan ƙwarai. A cire shi daga hannu kafin a yi masa wani, a tsaya da zarar maɓallin ya yi tauri, kada a ɗiga masa man keke ko na inji, kuma bayan 'yan shekaru a kai shi a wanke ko da bai tsaya ba. Idan mai shi ya rasu, a sa shi cikin lissafin gado komai ƙanƙantarsa, domin haƙƙin magada ne, kuma wasu daga cikin waɗannan aguguna suna da daraja a kasuwar duniya fiye da yadda ake zato.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu gyaran. Dattawan da ke zama da ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa da tasha da ƙofar masallacin Juma'a, a Gusau da Sakkwato da Kano da garuruwanmu na kusa, suna ta raguwa, da yawansu kuma aikinsu ya koma sauya batir da maɗauri. Iliminsu a yatsu yake, ba a rubuta shi ba, kuma duk wanda ya tafi da nasa yake tafiya. Muna roƙon iyaye da malamai da masu hali na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum su duba wannan sana'a, wadda jarinta bai wuce madubi da hantsaki da ƙananan sukundireba ba, ba ta sa yaro shiga rami, ba ta sa shi shaƙar ƙurar dutse, kuma hannun da ya iya ta zai iya gyaran waya da sauran ƙananan na'urori. Wanda yake da yaro mai natsuwa da kaifin ido, ya kai shi gaban ɗaya daga cikin waɗannan dattawa tun suna raye, wanda kuma yake da tsohon agogo a adaka ya fito da shi ya ba su aikinsa, ya biya su ladan da ya dace da gwanintarsu.